Masu Jiran Jirgi a Bahri

Babu amsar da ta fi "da sauƙi" saurin fita daga bakin Bahaushe mara lafiya, babu kuma wadda ta fi ta ƙarancin labari. A tambayi mai mura, "Yaya jiki?" zai ce da sauƙi. A tambayi wanda kwana uku ke nan ko ruwa ba ya zama a cikinsa, shi ma abin da zai ce ke nan, in ma ya kasa magana sai 'yan jinya su faɗa a madadinsa. Mai koyon Hausa yakan ɗauki maganar yadda ya ji ta, ya koma gida da murna, alhali kuwa ba bayanin likita ba ce. Rabinta godiya ce ga Allah, rabinta kuma kawaici ne, don kada a ɗora wa mai gaisuwa nauyin da bai zo ɗauka ba. Ɗabi'a ce mai kyau ƙwarai muddin masu gaisuwar suna ganin juna, domin ido yakan cike abin da baki ya rage. Wahalar takan zo ne ranar da aka rabu, ya zama murya kaɗai ke isowa. Waɗansu dattawa a Bahri, masu son jirgin ƙasa, sun gamu da wannan wahala, suka kuwa samo mata dabara daga cikin abin da suke so.

Bahri ita ce ta uku cikin biranen da suka kewaye mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sauran biyun su ne Hartum da Omdurman, kuma jirgin ƙasa ne ya raine ta. A 1897 sojojin Kitchener suka fara shimfiɗa layin dogo daga Wadi Halfa, suka ratsa hamada zuwa Abu Hamad. Ya kai Atbara a 1898, a ƙarshen 1899 kuma ya iso gaɓar arewa ta Shuɗin Nilu. Nan ya tsaya wajen shekara goma yana kallon Hartum daga ƙetare, don ba gada, sai a 1909 aka kammala ta ƙarfe wadda har yau take tsaye. Duk tsawon shekarun nan, kowane kaya da kowane fasinja a Bahri ake sauke shi, a ƙetarar da shi ta ruwa. Garin da ya tashi a haka, ba abin mamaki ba ne a sami mutanen da usur ɗin jirgi ya fi musu agogo.

Mafi yawan dattawan da ake magana a kansu Hausawa ne, jikokin mahajjatan ƙasa. Kakanninsu sun baro Kano da Sakkwato da Katsina a ƙafa, waɗansu a cikin ƙaurar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Muhammadu Bello Mai Wurno ga kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sennar, waɗansu kuma daga baya, ayari-ayari, suna noma a hanya suna tara guzuri. Tun da layin dogo ya kai El-Obeid a 1912, mahajjacin da ya ratso Barno da Wadai da Darfur a can yake fara ganin tasha, ya sayi tikiti, ƙafarsa ta huta. A ƙasar Hausa kuwa jirgi ya zo ne da aikin tilas, wanda mutane suka kira aikin diga, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi masa waƙa. Saboda haka jirgi ɗaya ne, amma gado biyu ya bari: na gida suna tuna shi da kanta a tafin hannu, na Sudan suna tuna shi da ranar da tafiyar shekaru ta koma ta kwanaki.

Kafin yaƙi, kowace Juma'a bayan la'asar sukan haɗu a inuwar wata darbejiya da ke kallon layin da ya nufi arewa, kusa da wata mai shayi wadda ta san wanda ake sa wa sukari da wanda aka hana. Ba su da suna, ba su da shugaba, ba su da asusu. Hirarsu Hausa ce mai ɗigon Larabci, in gardama ta yi zafi sai ta juye Larabci mai ɗigon Hausa. Biyu ne kawai a cikinsu suka taɓa cin albashin reluwe. Na farko tsohon direba ne, wanda ya shiga aiki a Atbara yana saurayi mai goge inji, ya zama mai kula da wuta, har ya kai ga riƙe kan jirgi. Abin alfaharinsa shi ne yana cikin waɗanda suka ja hatsi zuwa Nyala bayan yunwar 1984 da 1985, lokacin da aka sake tayar da waɗansu tsofaffin injinan tururi don wannan aiki. Na biyu akawun tasha ne da ya yi ritaya. Sauran duk so ne kawai ya kawo su: malamin makaranta mai koyar da labarin ƙasa, da maƙerin gwangwani, da mai gashin agashe wanda ya yi shekara talatin yana sayar wa fasinjoji nama bai taɓa wuce Shendi ba, sai kuma auta, ɗan 'yar'uwar direban, mai aiki a wani shagon magani.

Kowa da irin haukarsa. Malamin ya haddace tasoshi kamar yadda almajiri ke haddace allonsa, in aka taɓo shi sai ya jero su daga Bahri: Kadaru, Jaili, Shendi, Kabushiya inda ake sauka a je dalar Meroe, Damar, Atbara. Abin da ya fi ƙauna shi ne tasoshin hamadar da ke tsakanin Abu Hamad da Wadi Halfa, waɗanda ba su da suna sai lamba, don ba a tarar da gari ko ƙauye a wurin ba balle a ara musu suna, musamman ta shida, inda aka haƙa aka sami ruwa. Akawun kuwa yana da wata gwangwanin alewa cike da tsofaffin tikitoci na kwali, yana kuma da littafi. Tun da aka fara Jirgin Nilu a 2014, wanda aka sayo daga ƙasar Sin, yake cin kusan kilomita 300 zuwa Atbara cikin fiye da sa'a shida, akawun nan bai daina rubuta lokacin tashinsa da na isowarsa ba, ko da yake babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda zai duba. Mutumin da bai san su ba zai ce rashin aikin yi ne. Wataƙila da gaskiyarsa, amma rashin aikin yi iri-iri ne, wannan kuwa bai taɓa raba kowa da kuɗin cefanensa ba.

Aikin maƙerin ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Direban ya taɓa gaya masa cewa faɗin layin Sudan milimita 1,067 ne, daidai da na tsohon layin Nijeriya wanda ya isa Kano a 1911, har da a ce za a ɗauko tarago daga tashar Kano a ɗora shi a Bahri, da gungurawa zai yi ba tare da an taɓa ƙafarsa ba. Malamin ya ƙara da cewa layin Sudan ya tsaya a Nyala tun 1959, na Nijeriya ya tsaya a Maiduguri tun 1964, tsakaninsu kuwa akwai fiye da kilomita 1,200, galibi ƙasar Cadi, wadda ba ta da layin dogo ko taku ɗaya. Wannan magana ta hana maƙerin barci. Ya share ɗaki guda a gidansa, ya jera katakai, ya fara ƙera abin da gwamnatoci suka kasa: layi daga Kano zuwa Port Sudan, da waya da gwangwanayen madara da na tumatir. Ya yi wa Abeche tasha, ya yi wa El-Geneina tasha, ya sa ƙananan alhazai na kara a bakin kowace. Shekara shida yana yi. Matarsa ta ce da a kan rufin kicin ya ɓata rabin wannan ƙarfe da ta gode.

Littafin akawu ne ya fara shiga harkar lafiya, ba kuwa da niyya ba. Wata Juma'a direban ya zo yana ɗingishi, aka ce, "Alhaji, yaya ƙafa?" ya ce da sauƙi. Mako ya zagayo, da sauƙi. A mako na uku auta ya matsa ya kwance tsumman, sai ga gyambo a ɗan yatsa, mutum kuwa mai ciwon sukari ne. Akawun ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "Alhaji, da inji ne ya zo maka da irin wannan, da me za ka rubuta a takarda?"

Direban ya yi shiru. Can ya ce, "Da na rubuta kada ya fita, a kai shi loko."

"To, ka ji."

A nan sirrin abin yake. Mutumin da zai iya ɓoye ciwon jikinsa shekara guda saboda kunya da tawakkali, ba zai iya ɓoye lahanin inji ko na minti ɗaya ba, domin tun yana goge ƙarfe aka koya masa cewa direban da ya rufa wa birki asiri ya ɗauki alhakin duk wanda ke bayansa. Sai suka mai da jikinsu inji. Daga ranar, bayan an gama gaisuwa yadda ta kamata, an ce da sauƙi an gode wa Allah, akawu yakan buɗe bayan littafinsa ya ce, "Rahoto." Mai lafiya ya ce yana kan lokaci. Wanda ke jin ba daidai ba ya ce ya makara, ya kuma faɗi minti nawa, minti goma na ciwon gwiwa ne, sa'a guda kuwa sai auta ya ɗauko ma'aunin hawan jini. Wanda aka ba gado a asibiti yana loko, wato rumfar gyaran injuna. Ba su soke "da sauƙi" ba, kuma sun yi daidai da ba su soke ta ba. Sun dai gina mata ƙaramin layi a gefe inda gaskiya za ta bi ta wuce ba tare da ta yi karo da ladabi ba.

Ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Tun a kwanakin farko famfunan Bahri suka ƙafe, mutanen da suka rayu a bakin Nilu suka koma ɗibar ruwansa da jarka a ƙarƙashin harsashi. Wuta ta ɗauke, asibitoci suka rufe ɗaya bayan ɗaya, jirgi ya daina tashi. Maganin insulin ba ya son zafi, firji kuwa ya mutu, sai auta ya riƙa naɗe na kawunsa a leda yana jingina shi da jikin randa, yana jiƙa buhu yana rufawa. Da abin ya ƙi ƙarewa, ya sa shi a mota ya kai shi Atbara wurin tsofaffin abokan aikinsa. Malamin ya nufi Masar ta Wadi Halfa. Abin da ya fi ba shi haushi a tafiyar, in ji shi, shi ne bas ta bi hanyar Dongola, bai ga ko ɗaya daga tasoshinsa masu lamba ba. Maƙerin ya kulle ɗakinsa ya tafi Wad Madani, da aka ci Wad Madani a Disamba na shekarar ya sake ɗaukar tabarmarsa zuwa Gadarif. Akawu da mai agashe suka zauna. Akawun ya ce shi ya saba zama a tasha bayan jirgi ya tafi.

Daga nan rahoto ya koma ta waya, saƙon murya, ran Juma'a bayan la'asar in an sami hanya. A lokacin ne aka ga amfanin wasan. Malamin ya aiko daga Alƙahira, da muryarsa garau, cewa ya makara minti arba'in, kansa na sarawa ta ƙeya. Auta daga Atbara ya ce masa, "Baba, wannan ba minti arba'in ba ne, ka je a auna ka yau," aka kuwa tarar jininsa ya hau sosai, don ya bar shan magani yana tattalin kuɗin haya. Maƙerin ya ce shi fitilar gabansa ce ta dushe, yana ganin sigina amma ba ya rabe ja da kore, kowa ya gane yanar ido ce ta nuna. Suka riƙa harhaɗa abin da ya sawwaƙa ta manhajar Bankak suna tura wa wanda ya fi makara a makon. Ba kuɗi ne masu yawa ba. Sau da yawa ma bai wuce na katin waya da ƙwayar magani ta kwana goma ba.

Mai agashe ƙodarsa ta daɗe da gazawa, sau biyu a mako ake yi masa wanki. Da wuraren wankin ƙoda na kusa suka tsaya, sai ya zama dole a ƙetara da shi Omdurman, inda asibitoci kaɗan irin su Al-Nau suka ci gaba da aiki. A watan Nuwamba 2023 aka karya gadar Shambat, wadda ta haɗa Bahri da Omdurman. Rahotonsa na ƙarshe gajere ne, ya ce layi ya yanke a gabansa, yana jira a gyara. Bayan kwana tara akawun ya aiko da saƙo, bai ce an isa tasha ba, bai ce inji ya tsaya ba, ko da yake harshen wasan yana da wurin da zai ɗauki haka. Cewa ya yi, "Allah ya yi wa ɗan'uwanmu rasuwa daren jiya, mun rufe shi da safe a filin da ke bayan masallaci, don ba a iya kaiwa maƙabarta." Babu wanda ya koya masa inda wasa ke tsayawa. Makon nan ba a karɓi rahoto ba, ta'aziyya kawai aka yi.

A Fabrairu 2024 layukan waya suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Makonni suka wuce ba a ji ɗuriyar akawu ba, shi ne kuwa mai tambayar kowa, ba a saba tambayarsa ba. Direban ya riƙa sa auta yana buga lambar safe da yamma. Da ya ɓullo, ta na'urar Starlink ce da wani ya kafa a shago ana biya bisa sa'a, bayan tafiyar kusan awa guda a ƙafa. Ya ce yana cin abinci sau ɗaya a rana a takiyya, wato ɗakin girkin taimako da matasan unguwa suka buɗe, yau wake gobe adas. Ya ce ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa. Aka ce, "Malam, rahoto." Ya ce, "Ina kan lokaci." Direban ya ce, "Ƙarya kake, Malam. Jirgin da ya zubar da rabin kayansa a hanya ba ya kan lokaci." Dariyar da akawun ya yi ta ƙare da tari, daga nan ya yarda ya makara sa'a biyu, ya kuma karanto musu ranakun da zazzaɓi ya kayar da shi, don ashe duk ya rubuta.

Sojoji sun karɓe Bahri a farkon 2025, suka karɓe tsakiyar Hartum a watan Maris. Komowar ba ta zo da sauƙin da aka zata ba: kwalara ta ɓarke a watan Mayu, da damina kuma zazzaɓin dengi ya bi gida-gida, ga wayoyin lantarki an tone an kwashe saboda jan ƙarfen da ke cikinsu. Duk da haka mutane suka riƙa dawowa. A watan Yuli aka fara wani jirgi na kyauta daga Alƙahira zuwa Aswan domin 'yan Sudan masu komawa gida, malamin kuwa yana jin labari ya rubuta sunansa, 'ya'yansa suna cewa ya dakata. Wajen sa'a goma sha biyu ya yi a ciki, ya aiko da saƙo bakwai, babu ko ɗaya a kan jininsa. Layin Masar, in ji shi, milimita 1,435 ne, shi ya sa taragonsu ba ya rangaji irin namu, amma kuma shi ya sa ba zai taɓa shiga Wadi Halfa ba ko da an haɗa layin. Sai da akawu ya tsawata masa sa'an nan ya faɗi abin da ma'auni ya nuna da safe.

Direban bai dawo ba tukuna. Gyambon nan ya sake tashi a Atbara, aka yanke masa yatsu biyu na ƙafar hagu. Rahotonsa bayan ya farfaɗo shi ne an cire tarago biyu, kan jirgi na nan, a gaya wa masu jira kada su mai da tikiti. Yanzu yana koyon tafiya da sanda a tsakar gida, auta yana wanke masa ƙafar kullum da ruwan gishiri yana dubawa tsakanin yatsun da suka rage, shi kuwa yana mita cewa ko injin tururi ba a yi masa wannan bincike.

Maƙerin an yi masa aikin ido ɗaya a Gadarif, ɗayan yana jiran kuɗi. Da ya iso Bahri ya tarar an ɓalle ƙofar ɗakin, an kwashe katakan, da alama an yi girki da su, wayar ma ba ta nan. Abin da ya rage tashar Abeche ce a ƙarƙashin taga, an taka ta ta lotse, da alhazan kara guda huɗu. Ya ɗauko su a aljihu ya kawo inuwar darbejiya, wadda aka sare mata manyan rassa biyu, inda yanzu su uku ne ke zama, wata sabuwar mai shayi kuma tana koyon wanda aka hana sukari. Malamin yana ganin a sake farawa daga Kano kamar dā. Akawun ya ce a fara daga Bahri a nufi yamma, don a ga abin da ake da shi tukuna. Suka buga wa direban ya raba gardama, ya ce shi dai duk inda za a fara, a tabbata an yi wa Kosti gadarta daidai, don ta farkon ba ta yi kama da ita ba, ya yi shiru ne kawai a lokacin. Maƙerin ya ce gwangwanin madara ya yi wuya yanzu, kowa ya riƙa tara masa na man girki da ake rabawa, in an samu da murfinsa.